Eduardo Arolas: Makaɗin da ya sa tango ya yi magana ba tare da waƙa ba

A ranar 29 ga watan Satumban 1924, wani matashi ɗan ƙasar Ajantina ya rasu a Asibitin Bichat da ke birnin Faris na ƙasar Faransa, yana da shekara 32 a duniya. Takardun asibitin sun nuna cewa tarin fuka ne ya zama ajalinsa, bayan shaye-shaye ya riga ya gama karya masa jiki. Ya cika nesa da gida, kuma sai da aka shekara 30 kafin a mayar da ƙasusuwansa garin haihuwarsa. Sunansa Eduardo Arolas, wanda mutanen birnin Buenos Aires suka yi wa laƙabi da Damisar Bandoniyon, saboda gwanintarsa a kan abin kiɗan da ake kira da wannan suna.

Shekarun da ya yi yana sana'ar kiɗa ba su wuce goma sha biyar ba, amma a cikinsu ya tsara kiɗan tango sama da ɗari, kuma har yau ana kaɗa da dama daga cikinsu a gidajen rawa na ƙasashen duniya. Duk mai son sanin yadda tango yake a farkon zamaninsa, lokacin da kayan kiɗa kaɗai ke magana babu mawaƙi, zai samu amsa a cikin tarihin wannan mutum.

Garin da ya haife shi

An haifi Arolas a ranar 24 ga watan Fabrairun 1892 a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a kudancin nahiyar Amurka. Sunansa na yanka Lorenzo Arola. Iyayensa Faransawa ne da suka tsallaka teku neman abin kai wa baka, kamar dubban ɗaruruwan Turawan da suka yi ta kwarara zuwa ƙasar a wancan lokaci. Ya tashi a unguwar Barracas da ke kudancin birnin, wadda ta samo sunanta daga manyan rumbunan da 'yan kasuwa ke tara fatu da ƙiraga da ulu kafin a loda su a jiragen ruwa. Unguwa ce ta leburori da 'yan dako da masu kekunan doki.

Birnin yana cika yana batsewa a shekarun nan. Ƙidayar jama'a ta 1869 ta samu mutanen da ba su kai 200,000 ba a cikinsa, amma ta 1914 ta samu sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma kusan rabinsu a wata ƙasar aka haife su. Yawancin baƙin daga Italiya da Sifaniya suka fito, kuma maza sun rinjayi mata nesa ba kusa ba. Talakawa daga cikinsu suna zaune ne a manyan gidajen haya, kowane iyali da ɗaki guda, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A irin wannan tsakar gida Ba'italiye da Basifaniye da Bayahuden Rasha da ɗan ƙasa da ya baro karkara suke haɗuwa, harsunansu daban-daban, kewar gida ce kawai ta haɗa su. Kiɗan da ba ya bukatar kalmomi ya dace da irin wannan zama, domin kowa yana iya jin sa da harshensa.

Yadda tango yake kafin zuwansa

Tango ya tsiro ne a ƙarshen ƙarni na 19 a gaɓoɓin kogin La Plata guda biyu, wato Buenos Aires da Montevideo, babban birnin Yurugwai. Jijiyoyinsa uku ne fitattu. Akwai habanera, wani kiɗa da ya zo daga Kuba. Akwai milonga, waƙar makiyayan karkarar Ajantina da ta shigo gari. Sannan akwai kandombe, kiɗan ganguna da rawar zuriyar 'yan Afirka da aka kai yankin a zamanin cinikin bayi. Baƙaƙen fata na cikin waɗanda suka aza harsashin kiɗan: Casimiro Alcorta mai goge yana daga cikin makaɗan farko da tarihi ya riƙe sunansu, shi kuma Rosendo Mendizábal mai piyano ya tsara El entrerriano a wajajen 1897, wanda har yanzu ake kaɗawa.

A wancan lokaci makaɗa uku sun wadatar: mai sarewa, mai gogen Turawa da mai jita. Kaya ne marasa nauyi da ake iya rungumewa a tashi daga wannan mashaya zuwa waccan. Yawancin makaɗan ba su san rubutun kiɗa ba, da kunne suke ɗauka, su haddace, kowa ya ƙara nasa gishirin. Kiɗan yana da sauri da raha da tsokana, an yi shi ne domin ƙafa, kuma sunayen da ake raɗa masa sukan ɗauki habaici irin na 'yan bariki. El choclo na Ángel Villoldo, wanda aka fara kaɗawa a 1903, misali ne na wannan salo mai fara'a. Manyan gari kuwa sun ɗauke shi kiɗan 'yan iska da gidajen karuwai, ba su yarda ya ƙetare ƙofar gidajensu ba. Masana sun raɗa wa wannan zamani da makaɗansa suna Guardia Vieja, ma'ana tsofaffin dakaru.

Baƙo daga Jamus

Abin da ya sauya halin tango shi ne bandoniyon. An ƙera shi a Jamus a tsakiyar ƙarni na 19, aka sa masa sunan Heinrich Band, wani mai sayar da kayan kiɗa a garin Krefeld. Siffarsa kamar akwati biyu ne da aka haɗa da zugazugi a tsakiya. Makaɗi yakan zauna ya ɗora shi a kan gwiwa, ya riƙa buɗewa da rufewa, iska tana kaɗa wasu siraran harsunan ƙarfe da ke ciki. Irin wanda ya samu karɓuwa a Ajantina yana da maɓallai 71, 38 a hannun dama, 33 a hagu. Kusan kowane maɓalli sautin da yake bayarwa idan ana buɗe zugazugin daban ne da wanda yake bayarwa idan ana rufewa, kuma ba a jere sautukan suke daki-daki ba. Ke nan sai mutum ya haddace tsari huɗu a kansa kafin ya iya sarrafa shi, alhali ba ya ganin yatsunsa sosai.

Wannan wahala ta sa makaɗan farko suka riƙa tafiya da shi a hankali, sai kiɗan gaba ɗaya ya rage gudu. Muryarsa mai kauri da nishi ta danne sarewa, har ta kai an daina jin ta a ƙungiyoyi. Daga baya piyano ya karɓi gurbin jita. A 1911, lokacin da Vicente Greco ya shiga ɗaukar faifai a kamfanin Columbia, aka fara kiran irin wannan ƙungiya orquesta típica criolla, wato ƙungiyar makaɗa ta gargajiyar ƙasa. A daidai wannan gaɓa ta sauyi Arolas ya ɗauki bandoniyon.

Daren da aka rubuta kiɗansa na farko

Da jita ya fara, a hannun wansa José Enrique, yana yaro. Ya yi ƙananan ayyuka iri-iri don taimaka wa gida, har ya tsaya a kan zane, sana'ar da ya ƙware a kanta ta yadda daga baya shi da kansa yake zana bangon takardun kiɗansa da ake bugawa. Yana matashi ya riƙa raka wani mai bandoniyon da jita, Ricardo González, wanda aka fi sani da Muchila, kuma a wajensa ya fara sa hannu a kan maɓallan.

A 1909, yana da shekara 17, ya je unguwar La Boca da ke bakin tashar jiragen ruwa, inda gidajen shan gahawa na mahaɗar titunan Suárez da Necochea suka zama matattarar makaɗan tango. A ɗaya daga cikinsu, Café Royal, wani matashi mai goge ɗan asalin Yurugwai, Francisco Canaro, yake kiɗa da abokansa biyu. Arolas ya kaɗa musu wani tango da ya tsara a kansa, mai suna Una noche de garufa, wato daren sharholiya. Kiɗan ya burge su, sai dai mai shi bai iya rubuta ko alama ɗaya ba. Canaro ne ya taimaka aka sa shi a takarda, kamar yadda ya ba da labari da kansa a littafin tarihin rayuwarsa.

Wannan dare ya nuna wa Arolas gurbin da ke gare shi. A sana'ar da kowa ke ɗauka da kunne, kiɗan da ba a rubuta ba yana iya ɓacewa, ko wani ya tsince shi ya buga da sunansa ya ci riba, kamar kayan da aka bari a kasuwa babu shaida. Daga 1911 ya shiga karatun kiɗa a wajen José Bombig, shugaban 'yan badujalar babban gidan yarin ƙasar, ya shafe kimanin shekara uku yana koyon karanta alamomi da ka'idojin haɗa sautuka. A cikin waɗannan shekarun ya buɗe ɗan wurin shaƙatawa nasa a titin Montes de Oca, ya sa masa sunan kiɗansa na farko.

Abin da ya kawo sabo

Makaɗan bandoniyon da suka gabace shi sun fi mayar da hankali ga bin layin kiɗa tiryan-tiryan, hannun dama na rerawa, na hagu na riƙe awo. Arolas ya sa hannun hagu ya riƙa amsawa da kansa. An san shi da wani gurnani da yake fitarwa daga maɓallan ƙasa masu kauri, kamar mutumin da ke gunaguni a maƙogwaro. Yakan kaɗa sauti guda a sama da ƙasa a lokaci ɗaya domin ya cika, ya ja wani sautin ya haɗe shi da na gaba ba tare da yankewa ba, sannan ya tsinke shi farat ɗaya. Da wannan sai jimlar kiɗa ta zama kamar jimlar magana, mai numfashi da jinkiri da ɗaga murya. Masu sauraro suka fara zama su kasa kunne a wuraren da a da rawa kaɗai ke kawo su.

A wajen tsara kiɗa ma haka. Tango na zamaninsa yakan kasu kashi uku, kuma Arolas ya riƙe wannan tsari, ya kuma riƙe kaifin awon da masu rawa ke bukata. Abin da ya ƙara shi ne zurfi: yakan fara da kashi mai taƙama da bugun ƙirji, ya gangara zuwa wani mai sanyi da kewa, ya sake miƙewa. Fara'ar tsofaffin dakaru tana nan a ciki, amma an gauraya ta da baƙin cikin mutanen da suka baro ƙasashensu ba su koma ba.

Sunayen kaɗe-kaɗensa kansu tarihin zamaninsa ne. Derecho viejo ya sadaukar da shi ga ɗaliban koyon aikin lauya, sunan kuma wasa ne da kalma, domin derecho na nufin shari'a, yana kuma nufin miƙewa sak babu kwana. Rawson sunan wani asibiti ne a Buenos Aires, daga zamanin da ɗaliban likitanci ke shirya bikin rawa na shekara-shekara. Maipo yana tuna yaƙin 1818 da ya tabbatar da 'yancin ƙasar Chile. El Marne yana ɗauke da sunan kogin da aka gwabza a bakinsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar iyayensa. La cachila kuwa sunan wata 'yar tsuntsuwa ce ta filayen ƙasar.

Shekarun tashe

A farkon shekarun 1910 Arolas ya kafa ƙungiyarsa ta mutum huɗu, tare da Tito Roccatagliata mai goge, ya fara ɗaukar faifan garmaho a kamfanin Odeon. Daga nan ya haɗu da Roberto Firpo mai piyano, suka yi kiɗa a Armenonville, gidan rawar masu hannu da shuni. Tare suka tsara Fuegos artificiales, inda kayan kiɗa ke kwaikwayon tartsatsin wasan wuta.

Shigar tango irin waɗannan wurare tana da dalili. A 1913 rawar ta mamaye birnin Faris, ta bazu zuwa Landan da Balin. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya hana hafsoshinsa yin ta sanye da kaki, Babban Limamin Katolika na Faris ya yi tir da ita a farkon 1914, amma duk wannan bai rage mata kasuwa ba. Da attajiran Ajantina suka ga Turai ta rungumi abin da suke ƙyama, sai suka buɗe masa ƙofa. Makaɗan unguwannin talakawa suka sanya kwat, kuɗi ya fara shigowa. Arolas, wanda aka sani da son ado da ƙyale-ƙyale, ya shiga wannan rayuwa da ƙafa biyu.

Ya yi aiki da Juan Carlos Cobián, matashin mai piyano da ya zo da sababbin dabaru. A bikin kanibal na 1917 yana cikin gagarumar ƙungiyar da Firpo da Canaro suka haɗa a birnin Rosario. A shekarun 1917 da 1918 ya ɗauki faifai a kamfanin Victor, ya kuma gwada sanya chelo, babban goge mai kaurin murya, a cikin ƙungiyarsa. A wannan lokaci ne ya ɗauki wani yaro mai goge ɗan kimanin shekara 18, Julio De Caro, wanda mahaifinsa, malamin kiɗan Turawa, ya kore shi daga gida saboda ya zaɓi tango.

A 1917 ɗin dai Carlos Gardel ya ɗauki Mi noche triste a faifai, daga nan zamanin tango mai waƙa ya kankama. Marubuci Pascual Contursi ya ɗora baitoci a kan wani kiɗan Arolas mai suna La guitarrita, Gardel ya rera. Duk da haka Arolas bai sauya hanya ba: kayan kiɗa yake tsara wa aiki, kuma mafi shaharar ayyukansa babu murya aka san su.

Gangara

Yana kan ganiyarsa rayuwarsa ta fara warwarewa. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa matar da yake ƙauna ta bar shi ta koma wa wansa, wanda ya fara koya masa jita, kuma daga nan ya dulmiya cikin shan giya. Ya koma Montevideo da zama, ya ci gaba da kiɗa da tsara sababbi. Wasu daga cikin mafi nagartar ayyukansa, irin su El Marne da La cachila, a waɗannan shekaru na ƙunci suka fito.

Ya je Faris a 1920, ya dawo, sannan ya sake komawa a 1922, tafiyar da ba ta da dawowa. Ya yi kiɗa a gidajen rawar birnin, ya samu kuɗi, amma darare marasa barci da giya da sanyin Turai sun ci ƙarfinsa. Shekara biyu bayan haka ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a ƙasar da iyayensa suka baro neman arziki. A 1954 aka kai ƙasusuwansa Buenos Aires, aka binne su a maƙabartar Chacarita, inda kabarin Gardel yake.

Gadon da ya bari

Faya-fayan da Arolas ya ɗauka ba su yi masa adalci ba. A zamaninsa babu makirfo a ɗakin ɗaukar sauti. Makaɗa sukan taru a gaban wani babban ƙaho, ƙarfin sautinsu ya girgiza allurar da ke zana layi a kan kakin zuma. Sautuka masu kauri, inda gwanintarsa ta fi fitowa, su ne wannan hanya ta fi kasa kamawa. Ɗaukar sauti da lantarki ta iso Ajantina a 1926, shekara biyu bayan rasuwarsa. Saboda haka abin da ya tsira daga gare shi cikakke shi ne abin da ya rubuta a takarda, albarkacin karatun da ya tilasta wa kansa bayan daren La Boca.

A shekarar da ya rasu, yaron nan da ya ɗauka, Julio De Caro, ya kafa ƙungiyarsa ta mutum shida: bandoniyon biyu, goge biyu, piyano da babban gogen da ake tsayawa a kaɗa. Da ita aka buɗe zamanin da ake kira Guardia Nueva, sababbin dakaru, waɗanda suka mayar da tango kiɗan da ake rubutawa a tsara wa kowane makaɗi rabonsa. Shi ya sa ake kallon Arolas a matsayin gada tsakanin zamanan biyu.

Manyan makaɗan da suka biyo baya sun yi ta komawa rijiyarsa. Faifan farko da Aníbal Troilo ya ɗauka da ƙungiyarsa a 1938 yana ɗauke da Comme il faut na Arolas, sunan da ke nufin yadda ya kamata a harshen Faransanci. Juan D'Arienzo ya kaɗa Derecho viejo da zafin da ke tayar da masu rawa. Osvaldo Pugliese ya ɗauki La cachila ya ba ta nauyi da jinkiri. Astor Piazzolla, wanda ya yi wa tango juyin juya hali a shekarun 1950, ya sanya El Marne a cikin kaɗe-kaɗen ƙungiyarsa ta mutum takwas, ya kuma tsara wani kiɗa da ya kira Juan Sebastián Arolas, inda ya haɗa sunansa da na Johann Sebastian Bach, gwarzon kiɗan Jamus. Waɗannan mutane huɗu salonsu ya sha bamban ƙwarai, amma kowannensu ya samu abin da yake nema a cikin takardun mutum guda. A 1951 an yi fim a Ajantina a kan rayuwarsa, aka sa masa suna Derecho viejo.

A 2009 hukumar UNESCO ta sanya tango a jerin al'adun gado na bil'adama, bisa bukatar haɗin gwiwa ta Ajantina da Yurugwai. Kiɗan da aka hana shi shiga gidajen manya ya zama abin da ƙasashen biyu ke tinƙaho da shi. A gidajen rawar Buenos Aires, inda har yanzu ake sanya faya-fayan shekarun 1930 da 1940, da wuya dare ya raba ba a ji wani kiɗa na ɗan unguwar Barracas ba, ko da yake da yawa daga cikin masu taka rawar ba su san cewa wanda ya tsara shi bai kai shekara 33 a duniya ba.